Itatuwan da Awaki Suka Shuka

A Tungar Geza, arewa da Barmu, duk wanda ka tambaya ina gonar Zalika zai ɗaga hannu ya nuna maka bayan lakwal, wato makarantar boko, inda shingen gonar ƴan makaranta ya ƙare. In ka je ba za ka ga komai ba sai fako jawur da kututture nan da can. Ita Zalikar ta yi shekaru ba ta taka wurin ba. Sunan ne dai ya ƙi fita daga bakin mutane, kuma sunan nan shi ya ci gonar. Na daɗe ina jin haushin wannan al'amari, shi ya sa zan faɗe shi yadda ya faru.

Asalin wurin ba gona ba ne. Fako ne mai tauri, wanda ruwan sama ke duka ya wuce ko sannu babu. Ranar da Sabo zai tafi bida, wato neman kuɗi, can Abijan, matarsa Zalika ta roƙe shi gamana, ɗan filin da mace ke nomawa don kanta. Sai ya nuna mata fakon nan yana dariya, ya ce in ta iya tatsar hatsi daga dutse to bismilla. Ya rataya jakarsa ya tafi, shekara uku ba a ga ƙeyarsa ba.

A shekarun nan ne albashin malamai ya zama sai labari. Mushe Yunana, malamin lakwal ɗin garin (Mushe ake ce wa malamin boko a can, daga Faransanci), mutumin kudu ne, Kirista, iyalinsa na Tawa, kuma sai ya yi watanni bai ga albashi ba. Yaran kuwa da rana ta take sai yunwa ta kora su gida, rabinsu ba su dawowa. Sai ya nemo diga biyu, ya fita da su bayan aji da rani tsaka, suka dinga haƙa ƙananan ramuka a jere, kowane faɗin ƙwarya, suna tara ƙasar ta gefen gangare, suna zuba taki tafi biyu a ciki. Tassa ke nan. Gari ya sha dariya, har ana cewa Mushe ya rasa albashi ya koma haƙa wa kaji kabari. Da damina ta faɗi, ruwa ya zauna cikin ramukan maimakon ya gudu, hatsi ya tashi inda ko ciyawa ba ta taɓa fitowa ba, sai masu dariya suka haɗiye abarsu. Daga shekarar nan yaran suka fara samun gumba da tsakar rana a lakwal.

Haula, ƴar Zalika ta fari, tana cikin masu haƙar. Ita ta zo gida ta tsuguna ta zana wa uwarta yadda ake yi da tsinke a ƙasa. Zalika ta ari digar Mushe, ta shiga fakonta rami bayan rami, hannuwanta suka yi kanta, suka fashe, suka sake yin kanta. Kashin awakinta uku ta dinga sharewa tana kaiwa a tsohon kwano. A shekara ta biyu, ban da hatsi, sai ga ƴan itatuwa na leƙowa daga cikin ramukan, gawo da aduwa da magarya. Ƴaƴansu awakin suka ci a daji suka kasayar, ita kuma ta zuba ba ta sani ba. Mushe ya ce kada ta tuge su, ta rage musu rassa kawai ta bar su su miƙe. Ta bar su.

Sabo ya dawo da kakar shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, da jaka ɗaya da rediyo mai ɗaurin roba. Tun cikin motar kasuwa daga Tawa zuwa Barmu abin ya soma. Wani dattijo da suka matsu a kujera ɗaya ya tambaye shi ɗan wane gida ne.

"Sabo nike, na gidan Garba, Tungar Geza."

"Tungar Geza? To ka san Zalika mai tassa?"

"Matata ta."

"Af! Ashe kai na mijin Zalika! Jama'a, ga mijin Zalika!"

Mutanen motar suka juyo suna miƙa masa hannu. Sabo ya yi yaƙe ya karɓi gaisuwa, amma maganar ta yi ta cinsa tun daga nan har gida. Shekara uku yana dakon buhu a bakin teku, ya dawo ƙasarsu ya tarar da sunan mace aka san shi.

Zalika ba ta san da wannan ba. Murna kawai take, ta yanka zakara, ta shafe ɗaki. Washegari ta ce ya zo ya ga gamana, tana tafe tana waiwayensa kamar yarinya mai nuna sabon zane. Sai da suka bi ta gonar gandu, babbar gonar gidan, wadda ƙannensa suka noma masa, ya ga kara sirara da zangarniya ba ta fi ɗan yatsa ba. Suna isa bayan lakwal ya tsaya cik. Hatsi ya fi shi tsawo, kawunan sun yi nauyi har suna sunkuyawa. Zalika ta riƙe baki tana jiran ya ce madalla.

"Wa yab ba ki izinin huda wurin mutane haka, awa gidan ɓera?"

Ta ɗauka wasa ne, ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Da ta kawo tuwon yamma ya tambayi daga wane rumbu aka ɗebo. Ta ce nata. Ya ture akushin, ya ce shi ba ya cin ciyarwar mace. Bayan ɗan lokaci ya jawo shi ya cinye tas, har da suɗe miya. Haka Sabo yake, cikinsa bai taɓa fushi da hatsin nan ba, zuciyarsa ce kawai ta kasa haɗiye shi.

Da rani ya shigo, lokacin gyaran ramuka, ya same ta tana share garken awaki.

"Ina za ki da shi?"

"Gamana, maigida."

"Aje. Awaki naki na, amma cikin gidana suka kwana. Takin gida na gandu na."

Ta ajiye. Takin kuwa bai ga gandu ba, nan ya zauna tsibi guda bayan ɗaki, kaji na tonawa. Zalika ta koma bin mashayar rijiya, inda Buzaye ke shayar da dabbobinsu, tana tsintar kashin tumaki da na raƙuma ɗaya bayan ɗaya cikin rana, ta cika kwando ta ɗora a kai. Matan rijiya suna ganinta suna ƙus-ƙus. Ta ji kunya ƙwarai, amma ramukan ba su kwana babu taki ba.

Da damina ta faɗi sai ya ɓullo da wata. A garin, mace kan yi aikin gandu zuwa azahar, sauran yini nata ne. Sabo ya ce hannu ya yi kaɗan bana, sai la'asar za a tashi. Zalika ta dinga barin gandu ƙugu na ciwo, ta ruga gamana ta yi abin da ya samu kafin lokacin girki, ta dawo ta tarar da shi zaune yana murɗa rediyo yana cewa tuwo ya makara. Ta rame. Sau da yawa takan tambayi kanta laifin me ta yi, ta duba ta duba ba ta gano ba. Ita a saninta in rumbun mace ya cika, bakin mijinta da na ƴaƴansa hatsin ke shiga.

Ranar bikin dashen itace sai ga farar mota daga Tawa, da malaman gona biyu a ciki, sun zo ganin aikin ƴan lakwal. Gari ya taru. Mushe ya zagaya da su gonar yara, sa'an nan, da zuciya ɗaya, ya ce su zo su ga wadda ta fi tasu. Sabo ya riga kowa isa. Ya sa rigarsa ta Abijan, ya tsaya bakin gamana ya goya hannu a baya, yana karɓar baƙi a matsayin mai wuri. Zalika na can baya cikin mata, kuma wallahi daɗi ta ji, ta ce a ranta ko yau zuciyarsa za ta sauka.

Babban cikin baƙin ya tsuguna ya tona gindin hatsi, ya ga ƙasar duk ƙofofi.

"Maigida, gara hwa? Ƙaƙa kuke yi da ita?"

"Gara?" Sabo ya gyara murya. "Ai kashe ta muke. Ba mu barin ko ɗaya."

Ƴan lakwal suka fashe da dariya gaba ɗaya, don ko ɗan aji ɗaya ya san amsar. Haula kaɗai ta sunkuyar da kai. Baƙon ya yi murmushi, ya dubi Mushe, Mushe ya ce a kira mai aikin. Aka turo Zalika gaba tana jan mayafi.

"Maigida ya hi ni sani," ta ce a hankali.

"Ke dai hwaɗi muna, Inna."

Ta dubi ƙasa. Ƙarya ba ta iya ba.

"Gara ita ka yi muna aikin. Takin taka biyowa, ta hudde ƙasa, ruwa shi samu hanyar shiga. In an kashe ta, ramin ya mutu."

Aka tafa. Aka tsayar da ita kusa da wani gawo da ya kai mata kafaɗa, aka ɗauke ta hoto. Baƙon ya shafa itacen ya ce, cikin raha, in waɗannan suka yi shekara goma, ganyensu kaɗai ya isa taki, kuma wurin ya zama nata da jikokinta. Kowa ya ji maganar ta wuce. Sabo ne kaɗai ya tsince ta ya sa aljihu.

Bai yi mata faɗa ba ranar, bai kuma yi washegari ba. Gaisuwarta ce ya daina amsawa. In ya fita majalisa, samari su tambaye shi lafiyar gara, ya dawo ido jawur ya rasa wanda zai huce a kansa sai kwanon sha. Ya jira har aka yi girbi, aka ɗaure damma, aka kai rumbu. Sa'an nan ya kai ƙara wurin Baba Garba, ƙanen mahaifinsa, wanda shi ne babban gidan.

Aka kira Zalika da hantsi. Ta durƙusa bakin zaure, maza biyar shida na zaune ciki.

"Zalika, an kawo ƙararki," in ji Baba Garba. "An ce an ba ki aron wuri kin dasa itace. Kin san ba a yin haka. Mai aro abin shekara guda shika shibkawa, itace kau na mai ƙasa na. Duk wanda yad dasa itace, cewa yay yi wurin nashi na."

"Baba, wallahi ban dasa ba. Ko ɗaya. Cikin kashin awaki sunka zo. Ni taki niz zuba."

Wani ya yi ƴar dariya ya mayar da ita tari. Baba Garba ya shafa gemu. Ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san bara waccan, da rumbunsa ya yi ƙasa, daga rumbun yarinyar nan aka yi ta kai masa hatsi ƙwarya ƙwarya, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Amma ga ɗan wansa zaune yana huci.

"Awakin na wa?"

"Nawa, Baba."

"Hannun wa yak kai takin?"

"Nawa."

"Da sunka tsiro, wa yab bar su?"

"Ni, Baba."

"To kin gani."

Zalika ta ɗago kai. Ta ce, "To a sare su, Baba. A bar min ramukan."

Sabo ya girgiza kai.

"To hatsin duka a zuba rumbun gandu. Ni in yi aikin, a ce nashi na. Ba ni ƙara cewa tawa ta, ko a mafalki."

Mazan zauren suka dubi juna. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, don me ya rage kuma? Baba Garba har ya saki ajiyar zuciya ya juya wajen Sabo.

"Ko an zuba rumbuna, mutane sun san wa yan noma," in ji Sabo. "Ni ba hatsi nika so ba, Baba. Wurina nika so."

Nan gaskiya ta kuɓuce masa gaban shaidu, kuma duk wanda ke zauren ya ji ta. Ɗaya ya shiga gyaran hula, ɗaya ya tuna yana da jaki a rana. Baba Garba ya ce ƙasa ta uban Sabo ce, shi ba ya iya hana mutum abin ubansa.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata, gida ɗaya kuke. Kai kuma a ba ta wata gamana."

"Akwai hwakon bayan dutsi," in ji Sabo. "Ta tahi can. Amma ban da rami."

Fako ba rami, ai ba a ba ta komai ba, kuma duka sun sani. Aka shafa fatiha aka watse.

Mushe Yunana ya ji labari, ya zo da yamma ya yi sallama a ƙofar gida. Zalika na jin su ta bayan zana. Ya yi ta lallashi, har ya ce in Sabo ba ya son iyalinsa su noma wurin, ya ba lakwal aro, yara su riƙe ramukan kada su mutu, rabin abin da aka samu a kawo masa har gida.

"Mushe, karatu anka aiko ka koya ma ɗiyanmu, ba rabon gado ba," in ji Sabo, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. "Kuma tunda magana ta zo, mi ka tsakaninka da iyalina, da kullum sunanta na bakinka?"

Mushe ya tsaya kamar an watsa masa ruwan sanyi. Baƙo ne, ba shi da dangi a garin, kuma ya san irin wannan magana in ta tashi ba ta komawa. Ya ce Allah ya huci zuciyar maigida, ya juya. Zalika ta zauna daɓas kusa da turmi ta yi kuka mai ɗaci. Sabo kansa bai yarda da abin da ya faɗa ba, kuma ta san bai yarda ba, shi ya fi ƙona mata rai. Daga ranar ta daina bin hanyar lakwal. In za ta rijiya sai ta zagaya ta bayan masallaci, tafiyar ta ninka, ga tulu a kai.

Itatuwan kuwa da safe Sabo ya sare su, ranar karatu, yara na cikin aji. Zalika na daka a gida, ƙarar gatari na zuwa mata tsakanin bugun taɓarya. Ta ƙara ƙarfin dakan don kada ta ji, ta ji dai. Ta san kowane itace da wurinsa, ta san wanda ta ɗaure wa tsumma saboda iska, da wanda akuya ta taɓa gutsura ya warke. Da Haula ta dawo da rana sai ta ajiye allonta ta shige ɗaki. Can uwar ta bi ta.

"Kin gani?"

"Ta taga, Inna. Duk aji na kallo. Mushe ya ce mu dubi allo, ba wanda yad duba." Ta share hanci. "Har wanda anka yi maki hoto da shi."

Zalika ta yi zaton ko da ya ƙwace zai shuka, ta ce a ranta to ai ba komai, ƴaƴanta ne za su ci. Ruwan shuka ya sauka, gari ya fita da sungumi, bayan lakwal shiru. Ta daure ta tambaye shi. Ya ce iri bai isa ba. Ta ce akwai iri a rumbunta. Ya ce hannu ya yi kaɗan. Ta ce ga ta ga Haula. Ya ce ƙasa ma tana son hutu, kuma kada ta ƙara tayar masa da zancen. Haka ramukan suka sha ruwa suka ƙoshi ba ƙwaya ɗaya a cikinsu, ƙasar da aka tara a bakinsu ta zube ta cike su, kafin damina ta biyu wurin ya soma komawa jawur. Fakon bayan dutse ta je sau biyu, ta watsa iri bisa ƙasa mai tauri don kada a ce ta ƙi, ruwan farko ya kwashe shi ya tafi da shi.

Abu ɗaya ne ya ƙi mutuwa. Kututturan da ya bari, saiwarsu na da rai a ƙasa, kowace shekara sai su yi toho. Kowace shekara kuma Sabo ya saɓa gatari ya je ya sare tohon, don kada wani ya wuce ya ce ga itatuwan Zalika sun dawo. Wannan ne kaɗai aikin da ya taɓa yi a gonar da ya tara mutane a kanta.

Sai shekarar da damina ta yi gardama. Ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri, gandu bai ba da abin da zai kai su tsakiyar rani ba. A duk garin, inda aka ga zangarniyar kirki sai gonar lakwal da ta mutum huɗu biyar da suka kwaikwayi Zalika, cikinsu har da wasu da suka zauna a zauren Baba Garba. Rumbunta da ya daɗe yana rufa wa gidan asiri ya ƙare tun tuni. Awakin suka tafi kasuwar Barmu ɗaya bayan ɗaya, rediyo ya bi su. Kafin bazara gidan ya koma cin tafasasshen ganye sau ɗaya a yini, ƙannen Haula biyu suka daina wasa, sai kwanciya gindin zana. Zalika in ta dubi wuyansu sai ta kau da kai. Ba ta zagi kowa ba, amma ta daina iya kallon gatarin da ke rataye a bakin ɗaki.

Lakwal ba ta daina ba da gumba ba, sai dai curin ya ƙanƙance. Wata rana Haula ta dawo ta jawo uwarta gefe, ta kwance bakin ɗankwalinta. Rabin curi ne, da shatar haƙoranta a jiki.

"Na ƙoshi, Inna."

Ƙarya take, leɓunanta sun bushe. Zalika ta karɓa, ta dama shi da ruwa mai yawa ta ba ƙananan. Washegari ma haka, jibi ma haka, har ya zama abin kullum. Yarinya mai shirin jarrabawar fita ta koma zama cikin aji da rabin curi a ciki, rabi a ɗankwali.

Ran nan da azahar, Zalika ta gama damawa ke nan, ƙananan sun matso da ludayinsu, sai ga Sabo ya shigo da gatari a kafaɗa, gumi sharkaf, ɗanyen ganyen gawo manne a rigarsa. Daga saran toho yake. Ya jingine gatarin, ya zube a tabarma, idonsa ya sauka kan ƙwaryar. Maigida ake fara miƙa wa, haka aka saba. Zalika ta tsaya jim, sa'an nan ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ya ɗaga ya kurɓa, ya ji ɗanɗanon hatsi, ya sauke.

"Ina kinka samu hatsi?"

Shekara uku tana haɗiye magana. Wannan karon ta ɗago ta dube shi cikin ido.

"Na rami na. Na lakwal. Rabon ɗiyarka na, rabi taka ci ta ɗauro rabi ma ƙannenta."

Haula na tsaye bakin ɗaki. Ƙananan na kallon ƙwaryar. Sabo ya dubi yarinyar, ya dubi ruwan gumbar, hannunsa ya tsaya a sama. Zalika ta ga fuskarsa ta motsa, ta ce ko yau ne zai ce wani abu, ko da kalma ɗaya, ko ya tura wa yaran ƙwaryar. Sai ya kafa kai ya shanye har ƙasa. Ya goge baki da bayan hannu, ya rage murya ya ce,

"Wa yag gan ta sadda tad ɗauko?"

Bai tambayi ko ta ƙoshi ba. Bai tambayi abin da ƙananan za su sha ba. Abin da ya dame shi kada gari ya ji cewa hatsin rami ya shiga cikinsa.

Irin wannan zalunci ba ya barin tabo da za a kai wa likita, ba kuma alƙalin da ke karɓar ƙararsa. Ba a doke ta ba, ba a sake ta ba, kowa ya bi al'ada daidai, har da fatiha. Amma mutum shida sun ji da kunnensu ya ce ba hatsi yake so ba, suka gyara hula suka tashi, yara uku suka biya da cikinsu. Su ma ina ganin suna da rabo a cikin ƙwaryar nan.

Zalika ta ɗauki ƙwaryar, ta zuba ruwa ta ɗauraye abin da ya manne a gefe, ta raba wa ƙananan ludayi ɗaya ɗaya. A waje wani baƙo na tambayar hanyar Barmu, maƙwabcinsu na yi masa kwatance da ƙarfi: ya miƙe ta bayan lakwal, in ya wuce gonar Zalika ya yi dama.